Daminar da Gidan Saurona Ya Shiga Ruwa

Jiya da hantsi wata mota mai lasifika biyu a ka ta shigo tungarmu, ta tsaya gindin tsamiyar bakin kasuwa, wani saurayi mai murya kamar ta fasasshiyar garwa ya yi ta rantsuwa wai juyin juya hali ya iso bakin ruwa. Ruwan farko na bana bai daɗe da sauka ba, ƙasa na ta ƙamshi, sauro ya fara zagayen gaisuwa. Ina zaune a ƙofar gida ina gyaran kifi karfasa, sai na ji wuƙa ta tsaya a hannuna. Ashe kalmar nan ba ta mutu ba. Ni na ɗauka tare muka binne ta da Yaya Garba.

Na san wanda ya fara kawo ta tungar nan, don a gidanmu ta sauka. Shekarar da ta biyo bayan yanke mana jiha daga Sakkwato ce, lokacin da kowa ke jin kamar gobe za a shimfiɗa kwalta har cikin ɗakinsa. Yaya Garba wan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Masunci ne a baki, amma ban taɓa ganin ƙafar wandonsa a jiƙe ba. Aikinsa shi ne ya rataya rediyo a kafaɗa, ya bi kifin ƙannensa zuwa kasuwar Yelwa, ya dawo da rabin ciniki da cikakken labari. A wata tafiyar ce ya tsaya taron 'yan siyasa, ya tsinto kalmar, ya taho da ita yana taunawa kamar goro.

Kafin nan zamanmu sananne ne, ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a tudu. Da rani maza na kan tafki da ragar kalli da ƙugiyoyin mamari, mu mata muna bakin banda. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai a fara sharar gona. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa a jingine jirage, kowa ya ɗau sungumi. Kamun damina na miya ne kawai, don lokacin kifi ke shiga ciyawar gaɓa ya zuba ƙwai, kuma ko babu wannan, ƙaramin yaro ma ya san ba a shanya da damina. Ku riƙe wannan, don manyan maza masu gemu ne suka manta da shi.

Bazarar waccan shekara ta yi zafi na fitar hankali. Tabarma na ƙona baya, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta, awaki sun lafe jikin katanga suna haki. A cikin wannan zafin Yaya Garba ya tara mazan tunga a gindin tsamiya, mu kuma muna bayan zana muna saurare. Ya yi ta juyin juya hali, juyin juya hali, har surukata, wadda duk muke kira Inna, ta gaji ta leƙo.

“Garba, wai mi na na wagga magana da kaka ta hwaɗi tun sahe?”

Ya gyara zaman rediyonsa, ya yi murmushin wanda aka tambaya abin da yake jira.

“Inna, kalma ta ta manya. Canji, shi na ka tuɓe riga ka sa wata. Garambawul kuwa, in injin jirgi ya gaji a kwance shi, a wanke, a maida kowane ƙarhe wurinai. Amma juyin juya hali ba gyara ba na. A tumɓuke abu tun daga saiwa, na bisa shi koma ƙasa, na ƙasa shi koma bisa. Abin da kakanni sunka yi, a bar musu kayansu.”

Inna ta ce, “To cikinmu wa za shi koma ƙasa?”

Ya ce, “Talauci, Inna!” Maza suka bushe da dariya har da tafi.

Sai ya buɗe jakar dabara. Wai ya ga wasu baƙi can wajen Yelwa suna jan taru mai ƙananan idanu, wanda ko 'yan fararen kifin nan masu tsawon allura ba sa kuɓuce masa. Ana shanya su a rana, masu abincin kaji su zo da manyan motoci su kwashe buhu-buhu. Don me za mu tsaya jiran giwan ruwa ɗaya alhali ga tafki cike da arziki? Noman bana a bar shi. Kambarin tudu su noma, mu mu saye. A sayar da shanun huɗa a sayo igiya da dalma da injin jirgi. Yadin tarun kuwa yana da tsada, amma Allah ya hutar da mu, don kowane ɗaki a tungar nan akwai shi rataye. Gidan sauro yake nufi.

Nan take maza suka amince. Abin da na fahimta game da kalmar nan tun daga ranar shi ne, ba don a yi bayani ake faɗinta ba, don a rufe baki ne. In ka yi musu, ka zama ɗan ƙauye wanda bai waye ba, kuma ba namijin da ke son a ce masa haka a gaban tsaransa. Kafin a yi nisa ta zama gishirin kowace magana. Mai shayi ya ƙara madarar gwangwani, juyin juya hali. Wani ya sayo hula mai tsini, juyin juya hali. Mutumin da ya kasa gyara dangar gidansa shekara da shekaru, in matarsa ta yi magana sai ya ce ta jira juyin juya hali. Hatta yara in za su kayar da juna a rairayi abin da suke ihu ke nan.

Gidan saurona na cikin kayan ɗakina. Mahaifiyata ce ta sayo mini a kasuwar Yelwa, fari ƙal, mai kauri, ba irin na yayi ba. A kusurwa ɗaya fitila ta taɓa lasarsa, na yi masa faci da ƙyallen shuɗiyar atamfa. A ƙarƙashinsa nake kwantar da Ladidi, autata a lokacin, tana koyon zama. Yarinya ce mai kunne. Zakara ya yi cara ta waiga, kwano ya faɗi ta zabura, in kuwa mata suka fara lugude a turmi sai ta yi ta ɓaɓɓaka dariya tana kaɗa hannuwa, har Inna ke cewa wannan makaɗi za ta aura.

Da la'asar maigidana ya shigo ya tsaya yana kallon igiyoyin gidan sauron, bai kalle ni ba. Mutum ne mai haƙuri da aiki, ba zan ci amanarsa ba, amma in wansa ya ce rana daga yamma take fitowa zai juya tabarmarsa ya jira ta.

Na ce, “Malam, ɗiyag ga hwa? Damana ta taho.”

Ya ce, “Yaya ya ce kwana kaɗan na, Hajo. Da kamun hwarko ina sawo miki sabo, wanda yaf fi wanga.”

Ya kwance, ya naɗe, ya fita. Ban tare ƙofa ba, don a ranar babu matar da ta tare, kuma ban san tsawon kwana kaɗan ɗin Yaya Garba ba.

Abin takaicin, mu mata muka ɗinke tarun. Aka shimfiɗa gidajen sauron tunga a gindin tsamiya, fari da ruwan toka da wanda hayaƙi ya rina, muka zauna layi da basilla da zaren kalli, gumi na ɗiga daga haɓa. Ana ɗinki ana waƙa, ana zolayar wadda nata ya fi ɓuli. Yaya Garba na zagayawa da sanda yana nuna mana inda za mu soka, shi da bai taɓa zura zare a allura ba. Da ya zo kan nawa ya murza shi da yatsa, ya ce wannan mai ƙwari ne, a sa shi tsakiya inda kifi ke taruwa. Har na ji daɗi, don Allah ku ji wauta.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Laraba da yamma, mai ƙarfi, irin wanda ke sa tsofaffi hamdala. Gari ya waye ƙasa ta yi laushi har gwiwar hannu. Daga nesa kana hango Kambari a gonakinsu, miji na sara mata na binnewa. Namu mazan kuwa suna gaɓa sun kasu biyu, kowane rukuni da igiya, suna ja da baya suna kirari.

Ba zan yi ƙarya ba, jan farko ya ba da tsoro. Tarun ya fito da ƙyar, aka zazzage, sai ga tudu na ƙyalli kamar an zubar da sababbin cokula. Amma da muka durƙusa tsincewa, ba 'yan fararen kaɗai ba ne. Ga 'ya'yan karfasa kamar farce, ga 'ya'yan giwan ruwa ba su kai ɗan yatsa ba, ga ƙwai kansa manne da ciyawa. Inna ta ɗebo a tafinta ta daɗe tana kallo, ta ce, “Wanga ai kihin baɗi na.” Ba wanda ya ji ta, don an ɗauko kalangu. Yaya Garba na tsaye can tudu da babbar riga, takalminsa a bushe, yana ɗaga sanda kamar shi ya halicci tafkin.

Farkon damina akan samu rana tsakanin ruwa da ruwa, saboda haka kamun farko ya bushe. Mota ta zo sau ɗaya ta kwashe. Sabon gidan sauro dai ban gan shi ba. An ƙaro igiya, an sayo man inji, Yaya Garba ya sauya rediyo zuwa mai baki biyu. Da na tambaya aka ce kamu na gaba.

Sai marka ta kama. Sama ta rufe ruf, yayyafi ba dare ba rana, in ya tsagaita ma rana ba ta fitowa, sai wani danshi mai nauyi da ke sa gishiri narkewa a kwano. Muka shanya kifi a tabarmi, a kan duwatsu, a rufin ɗakuna, hadari ya taso mu kwashe da gudu, ya wuce mu mayar, ya dawo mu sake kwashewa. Muka gwada banda, suna zurarewa ta idon waya suna faɗawa wuta. Kafin ka ce kwabo sun dame sun zama taɓo, tsutsa ta shiga, ƙuda ya rufe tunga. Warin ya shiga zannuwanmu, ya shiga ruwan sha, har a sallah shi kake shaƙa. Hanyar garin Wara ta yanke, mota ba ta sake zuwa ba. Su kuma mazan kullum suna gaɓa suna ja, don wanda ya fara sakin igiya shi ne bai son juyin juya hali. Suna jawowa muna binnewa.

Lokacin da wasu suka farga suka ruga gona, gero a tudu ya kai ƙugu. Suka shuka a cikin ciyawa, ba shanu, ba taki, ya fito rawaya ya tsaya. Rumbu kuwa dama a tsakiyar damina gindinsa ake karkarewa, ga shi an sayar da na sayarwa tun bazara. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, kunun ma kana ganin ƙasan kwano ta cikinsa. Muka shiga cin ganyen tafasa da rama ba ƙuli. Da safe mu bi gaɓa muna tsinko bado, mu shanya a gefen murhu, mu daka. Na taɓa ɗaukar ƙwaryar kifin nan na kai wa wata Bakambara da muke musaya da ita tun ina amarya, ko za ta ba ni dawa. Ta buɗe, ta rufe, ta zuba mini dawar, ta ce in tafi da kifina. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Nonona ya fara janyewa, Ladidi ta ja ta ja ta saki ta yi kuka.

Duk wannan da sauƙi a kan sauro. Wanda bai zauna bakin tafki da damina ba bai san sauro ba. Da rana ta karkata za ka ga ya taso daga ciyawa kamar hayaƙi, kafin a kira magariba ya cika ɗaki. Da can mukan turara busasshen kashin shanu, to shanun an sayar. Muka koma ganyen dogon yaro, ɗanye, jiƙaƙƙe, ya fi shaƙe mu a kan sauron. In na lulluɓe Ladidi da zane ta jiƙe da gumi ta shure shi. In na buɗe ta, su sauka. Sai in zauna da mafici ina kaɗawa har hannu ya mutu, barci ya sace ni, in farka in ga fuskarta kamar an watsa mata gero. Ɗaki bayan ɗaki masassara ta bi yaran tunga.

Na je na durƙusa gaban Yaya Garba, abin da ban taɓa yi ba. Yana kishingiɗe yana murɗa rediyo.

Na ce, “Yaya, don Allah a ba ni gidan saurona. Ɗiyata jikinta ya hwara zahi.”

Ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Hajo, naki na tsakiyat taru. In an cire shi mi ar rage? Ku mata ba ku hangen nesa. Kowane juyin juya hali sai an sha wuya, haka anka yi ƙasashen da sunka ci gaba. Ki jiƙa mata sabara.”

Daga baya na ji cewa nasa gidan sauron bai taɓa shiga ruwa ba. Wai rami ne da shi, bai dace da taru ba.

Ranar da Ladidi ta fara jijjiga, da hantsi ne. Jikinta ya sanƙare, idanu suka kafe sama, kumfa a baki. Inna ta fizge ta daga hannuna ta ce a fito da jirgi sai asibitin Wara. Maigidana ya ruga gaɓa neman jirgi mai inji, aka ce yana can tsakiyar ruwa ana zuba taru, ba ya dawowa sai an gama. A ƙaramin kwalekwale muka tafi, shi yana tuƙi da hannu kamar zai karya filafili, ruwan sama na dukanmu, Inna ta rufe yarinyar da faifai. A asibiti aka yi mata allurai, aka ɗaura ruwa, muka kwana muka yini muka sake kwana. Allah ya yi da sauran shan ruwanta. Ta buɗe ido, ta kama nono.

Da muka dawo, rana tsaka, tun daga nesa na hango su a gaɓa suna ja, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, suna kirarin da ba ƙarfi. Tarun ya iso bakin ruwa daidai lokacin da muka sauka. Babu komai a ciki sai laka da ciyawa da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba, don sun share gaɓar tas. A tsakiya, cikin taɓo, na hango shuɗin facina.

Na miƙa wa Inna yarinya. Na ɗauki wuƙar gyaran kifi a kan wani jirgi, na shiga ruwa har gwiwa, na kama ɗinkin da na yi da hannuna na fara farkewa.

Yaya Garba ya taho da gudu, har ya manta ya taka ruwa. “Ke Hajo! Kin haukace? Kin san abin da kika ɓatawa? Mamman, ka tsaya kana kallon matarka tana kashe muna juyin juya hali?”

Na ce, “Yaya, kai kac ce na ƙasa shi koma bisa. Ga shi na hiddo shi daga ƙasan ruwa, bisa gadona za shi.”

Ya ɗaga sanda. Inna, da yarinya a kafaɗa, ta ce, “Garba, in sandag ga ta sauka, ban yahe maka nonona ba.” Sandar ta tsaya a sama. Maigidana ya shigo ruwan ya riƙe mini ɗaya gefen don in ji daɗin yanka. Kafin in gama sai ga mata suna gangarowa, kowace da wuƙarta, kowace na neman nata, wannan ta gane da ɗinkin baki, waccan da tabon manja. Kafin la'asar juyin juya halin Yaya Garba ya koma igiya biyu da tarin dalma.

Na wanke shi da toka da sabulun salo, na sake wankewa, warin bai fita ba har kaka. Na toshe ɓulin da ƙyallaye har ya zama kamar rigar mahaukaci. Amma Ladidi ta yi barci a ƙarƙashinsa, ta yi ƙiba kaɗan, na ce to, mun tsira.

Sai da farin ruwa ya zo, wato cikowar kogi ta kaka, tafki ya cika, aka fara samun sabon gero daga tudu, rannan mata suka haɗu suna daka a tsakar gidanmu. Yunwa ta ɗan saki, aka fara lugude, har da tafi. Ladidi na zaune a tabarma ta ba mu baya tana wasa da murfin kwano. Na tsaya ina jiran dariyarta. Ba ta waigo ba. Na kira sunanta. Na ɗauki tasa na sake ta a bayanta, kaji suka watse, ita ko gezau. Inna ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki, ni kuwa na zauna a ƙasa inda nake tsaye.

Yaya Garba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Cewa ya yi mutanen tungar nan ba su nuna ba tukuna, an kawo musu abu kafin lokacinsu. Ya ci gaba da zuwa Yelwa yana ɗauko sababbin kalmomi, har ya samu kujera a wata ƙungiya ta masunta, yana yi wa mutane jawabi a kan illar taru mai ƙananan idanu. Kifi ya yi shekaru kafin ya dawo gaɓarmu. Shi ya rasu da rediyonsa a gefen matashi. Allah ya jiƙansa, tunda an ce a faɗa.

Yanzu gidan sauro kyauta ake rabawa, har da mai magani. Ladidi ta yi aure nan kusa da ni, da 'ya'yanta, kuma duk tungar nan ba mai bandar da ta kai tata kyau. Muna da maganarmu ta hannu, ni da ita, kowane abu da alamarsa. Kifi, a kaɗa tafi. Ruwan sama, a sauko da yatsu. Yaya Garba, a ɗora hannu a kunne kamar mai riƙe da rediyo. Tun tana budurwa na ba ta labarin daminar nan kaf, da hannu, kuma da na zo kan kalmar na rasa yadda zan nuna ta, sai na ɗauki ƙwaryar da ba komai a ciki na kife.

Jiya tana gefena muna gyaran karfasar nan lokacin da motar ta tsaya. Ta ga bakin saurayin na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ta ga samarin tunga sun kewaye shi suna tafi, har da babban ɗanta a gaba-gaba. Ta taɓa kafaɗata, ta buɗe tafi, wato me suke cewa?

Na jawo ƙwarya na kife.

Ta daɗe tana kallon motar. Sannan ta tashi ta shiga ɗakinta, ina hango ta tana bin igiyoyin gidan sauron 'ya'yanta tana ƙara wa kowace ƙulli. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora wuƙar a cinyarta.